Ƙullin Akwati na Arba'in

Shekara ashirin da shida Uwar Igiya ta yi tana ɗaure akwatuna a kamfanin takalma na bakin kogi, amma ba ta taɓa ganin an gama takalmi ko ƙafa ɗaya a gabanta ba. Tsarin aikin ke nan. A nan ake yanka fata, a ɗinke saman takalmi, a jera ɗari-ɗari a akwatunan katako. Ran Litinin babbar mota ta kwashi akwati arba'in ta haye gada zuwa ƙasar da ke ƙetaren kogi, inda wani kamfanin yake manna musu ƙasa. Ran Alhamis akwatunan su dawo babu komai a ciki, suna warin gam. Ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyar ciniki ɗaya da wasu ƙasashe goma sha wani abu, don haka gadar ba shinge, ba tambaya. Tafiyar minti ashirin ce, har da tsayawar direba ya sha shayi.

Wannan minti ashirin ɗin ne Uwar Igiya ta kasa yi har shekara goma sha biyu, alhali ƙanwarta ɗaya tilo tana can.

Su biyu Inna ta haifa, ita da Auta. Bayan an buɗe gada Auta ta haye neman aiki, ta samu a ɗaya kamfanin, ta zauna. Da Inna ta kwanta ciwon ajali, Uwar Igiya ce ta yi wata bakwai tana juya ta, tana wanke ta, tana zuwa aiki da jajayen idanu. An aika wa Auta cewa jiki ya yi tsanani, ta ce za ta zo ran Asabar, Inna kuma ba ta kai Juma'a ba. Da ta iso, ɗaki cike da masu gaisuwa, yayarta ta tare ta a bakin ƙofa ta ce, “Ki koma inda kika fito. Ba ki da kowa a nan.” Auta dama ba mai magana ba ce. Ta ajiye ledar maganin da ta sayo wa Inna a kan tabarma, ta juya ta tafi.

Magana zarar bunu ce. Tun kafin a share makoki Uwar Igiya ta san ta yi ɓarna, kuma ba abin da take so a duniya kamar ta ga Auta, ta janye maganar da ta faɗa mata. To amma mace ce mai wuya, irin waɗanda za su ƙwammace su kwana da ƙaya a ƙafa da su ce wa wani ya cire musu.

Wata uku da rasuwar, wata Litinin, tana ɗaure akwati na arba'in hannunta ya yi abin da ba ta sa shi ba. Ya yi ƙullin Inna. Inna wankau take yi, wankin kaya na kuɗi, kuma tana da yadda take ƙulle ƙunshin kayan mutane: kunne biyu, a tura jela ta ƙarƙashi, ba ya kwancewa da kansa, amma ja ɗaya za ka yi ya buɗe. Ba wanda ya iya shi sai 'ya'yanta biyu. A can ƙetare wuƙa suke sa wa igiya, in za su dawo da akwati su ɗaure murfin yadda suka ga dama. Ran Alhamis talatin da tara suka dawo da ɗaurin ganin-dama. Na arba'in ya dawo da igiyarsa ba yanka, da ƙullin Inna a kansa, ya karkata hagu. Auta bahaguwa ce.

Uwar Igiya ta shiga banɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta fito ta yi wa wata mai ɗinki faɗa a kan zaren da ta bari a ƙasa.

Tun daga ranar haka ake yi. Litinin ƙulli ya tafi a miƙe, Alhamis ya dawo a karkace. Ba wasiƙa, ba gaisuwa. Direban motar, wani mai tumbi da ake ce wa Ba-Birki saboda bai san tafiyar hankali ba, ya taɓa lura da yadda take shafa akwatin nan.

“Yaya, in kina da saƙo ki ba ni mana. Ni a bakin get nake sauke kaya, amma ba a rasa wanda zai shigar.”

“Saƙon me? Ka ga na yi kama da mai saƙo? Ja motarka.”

A ranta tana cewa gobe. In an ba da hutu. In ruwa ya ɗauke. Muddin ƙulli na dawowa, Auta tana nan lafiya kuma ba ta yanke ta ba, to gaggawar me ake yi?

Sai ga maganar fita daga Ƙungiya ta taso. Motoci masu lasifika suka cika gari, ana cewa mu ci gashin kanmu, 'yan ƙetare sun cinye mana kasuwa, kowa ya koma gidan ubansa. Manaja ya tara ma'aikata a tsakar kamfani ya ce su yi tunani, takalmin da suke ɗinkawa rabi ne, ɗaya rabin yana ƙetare. Aka yi masa dariya, aka ce ai shi dama ɗan koren 'yan ƙetare ne. Mutumin da bai taɓa sayar da ko allura a wata ƙasa ba, ranar nan shi ne malamin ciniki.

Uwar Igiya ba ruwanta da ciniki. Lissafinta daban ne, kuma ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ji an ce in an fita, waɗanda suka haye za a koro su gida. To ke nan Auta za ta dawo da ƙafarta, da jakarta, ta ƙwanƙwasa ƙofa don ba ta da wani wurin zuwa. Ita kuwa sai ta buɗe, ta ce shigo, ta zuba mata abinci, a wuce wurin ba tare da ta sunkuyar da kai ba. A kan wannan ta dangwala ƙuri'arta. Na sha jin dalilan da mutane suka bayar na wannan ƙuri'a, nata bai fi na sauran wauta ba, tausayi kawai ya fi ba ni.

Shekara uku manya suka yi suna cacar baki a kan sharuɗɗa, sannan wata safiya aka wayi gari da shinge a tsakiyar gada da rumfunan kwastam biyu, kowace da tutarta. Fata sai da takardar likitan dabbobi. Katakon akwati sai da hatimin cewa ba ƙwaro a cikinsa. Zaren ɗinki sai an faɗi ƙasar da aka saƙa shi. Ba-Birki, wanda bai taɓa taka birki a gadar nan ba, ya kwana biyu a kanta, sannan biyar. Kamfanin ƙetare ya yi haƙuri wata biyu, ya nemi wasu masu ɗinkin a cikin Ƙungiya. Wata Litinin akwati arba'in suka tafi, Alhamis ta zo ta wuce ba su dawo ba.

Manaja bai tsayar da kekunan ɗinki nan da nan ba. Ya ce manya za su daidaita, a ci gaba da ɗinki. Aka yi ta ɗinki har sito ya cika, aka jera a baranda, aka jera a ɗakin cin abinci. Ranar da fata ta ƙare aka sallami mata ɗari da sittin. Aka bar maigadi, aka bar Uwar Igiya, saboda fata in ta zauna wuri ɗaya fumfuna take yi, dole a samu mai juya ta yana gogewa.

Wannan aikin ne ya so ya taɓa mata hankali. Da rana tsaka za ta buɗe sito, haske ya faɗa kan takalma dubu-dubu a jere a kan katakai, na maza, na mata, na yara 'yan makaranta, kowanne da bakinsa a buɗe, in ka ɗaga ka leƙa sai ka hango ƙasa ta cikinsa. Duk sun fuskanci ƙofa, don haka aka saba jera su. Tana goge layin gaba sai ta ji kamar na baya sun matso. Fata tana da wani ɗan kuka da take yi idan zafi ya taso, ƙyas, ƙyas, kamar mutum yana gyara tsayuwa. Ta san fata ce. Duk da haka ta daina juya wa layin yara baya.

Ran Alhamis kuwa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, tana jin motar. Tana jin ta sauko daga gada, ta sauya giya a kwanar gidan mai, ta tsaya a get. Sau uku tana fitowa da gudu, ta tarar da maigadi yana gyangyaɗi, titi fayau ba ko keke.

“Baba maigadi, ba ka ji mota ba?”

“Wace mota kuma? Ai ko akuya ba ta bi ta nan ba tun safe.”

Garin ma haka ya koma. Mai shayin bakin gada ya kwashe bencinansa. Masu faci, masu canjin kuɗi, matan da ke sayar wa direbobi abinci, duk suka watse. Masu lasifika ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Gaskiya an koro mutane daga ƙetare, motoci suna sauke su a tasha da katifu da tukwane. Uwar Igiya takan je ta tsaya a gindin wani turken lantarki kamar mai jiran wani abu daban, tana duba fuskoki. Ta gyara ɗakin Inna, ta sayi sabon zanen gado. Motocin suka yi ta raguwa har suka daina zuwa, ba Auta. Sannan ne tsoro ya kama ta sosai. Shekara goma sha biyu tana da labarin ƙanwarta duk mako, yanzu wata bakwai ba ta san ko tana raye ba.

Rannan Manaja ya zo da takarda a hannu, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

“Mutanen ƙetare sun ce mu zo mu kwashe akwatunanmu ko su ƙone su, sun tare musu wuri. Ba-Birki zai je, amma ana bukatar mai ɗauri. Na san ba kya son ƙetare…”

“Sa sunana,” in ji ta.

Hoto huɗu, fom uku, awon jini, zuwa babban birni sau biyu. Mako goma sha ɗaya kafin izini ya fito, na yini ɗaya, a fita kafin ƙarfe huɗu na yamma. A cikin makonnin nan ta shirya maganarta tsaf. Ba za ta yi dogon bayani ba. Za ta ce, “Auta, bakina ne ya yi, ki yafe mini.” Ta yi ta maimaita wa takalma a sito har ta haddace ta.

Sun yi awa huɗu a layin gada. Ba-Birki yana ta tsaki yana lissafo mata motocin da a da yake wucewa a nan kamar iska. Ita kuwa tana kallon ruwa. Ashe kogin ma bai kai faɗin da take gani daga gida ba.

Kamfanin ƙetare yana aiki, injuna suna ruri, ga warin gam ɗin da ta sani. Aka nuna musu bayan gini inda aka tara akwatunan, rana da ruwa sun sa katakon ya yi fari. Ta wuce talatin da tara ba ta kalle su ba. Na arba'in yana can ƙarshe, an ɗaure shi tun kusan wata goma ana jiran motar da ba ta zo ba, ƙullin ya karkata hagu. Ta dafa shi, tana shafa ƙullin don daɗi.

Wata mata mai tabarau, da rigar aiki shuɗiya, ta fito da takardar da za a sa hannu. Ita ce shugabar masu karɓar kaya.

“Sannu da aiki,” in ji Uwar Igiya. “Don Allah wadda ta yi ɗaurin nan nake nema.”

Matar ta leƙa. “Wannan? Ina jin ni ce. Ko kuma mai aikin safe. Mu shida ne, duk wadda hannunta ya kai.”

“A'a. Wannan ƙullin nake nufi. Na hagu.”

“Shi nake nufi ai. Dokar akwati na arba'in ke nan. Ba a sa masa wuƙa, kwancewa ake yi, a mayar da shi da wannan ƙullin. Duk wadda aka ɗauka aiki sai ta koya. Da ƙyar hannu yake sabawa, don a juye ake yin sa.”

Uwar Igiya ta ji ƙarar injuna ta yi nisa. “Wa ya kafa dokar?”

“Anti 'Yar Ƙetare. Ita ce shugaba kafin ni, daga wajenku take. Wata gajera, bahaguwa, ba ta da hayaniya. Allah ya ji ƙanta.”

“Ya ji ƙan wa?”

Matar ta cire tabarau ta dube ta da kyau, sai fuskarta ta sauya. Wataƙila goshin ta gani, goshinsu iri ɗaya ne.

“Baiwar Allah, me kike a wurinta?”

“Yayarta ce ni. Uwa ɗaya uba ɗaya.”

Matar ta jawo wani akwati ta zaunar da ita, ta aika a kawo ruwa. Ta faɗa mata a hankali, ba ta ɓoye komai ba. Ciwon ƙirji ne, na masu daɗewa cikin gam. Ta yi wata biyar tana fama, tana zuwa aiki tana tari, a cikin watannin nan ne ta tara su shida ta koya musu ƙullin, ta tsaya a kansu har sai da kowa ta iya. Sannan ta kwanta a asibiti mako biyu. Shekara huɗu ke nan da wata ɗaya.

Shekara huɗu. Uwar Igiya ta ƙirga da yatsu a kan cinyarta, ta sake ƙirgawa. Ranar da ta shiga layi ta dangwala ƙuri'a don a koro mata ƙanwa, ƙanwar ta riga ta kwanta a ƙasa. Alhamis sama da ɗari da hamsin tana shafa hannun baƙi tana cewa Auta tana lafiya.

“Ba ta ce don me ba? Ƙullin. Ba ta ce na wane ne ba?”

“Wallahi mu mun ɗauka dokar kamfani ce. Wa yake tambayar doka? Har faɗa nake yi wa sababbi in sun manta.”

“Ba ta bar magana ba? Ko ta ce in wata ta zo…”

Da gani matar tana neman abin da za ta ba ta, kuma mai gaskiya ce, ba ta iya ƙirƙira ba. “Ba ta bari ba. Mun tambaye ta ko akwai wanda za a kira, ta girgiza kai. Mu muka yi mata komai, ba a wulaƙanta ta ba.”

To ko Auta ta koya musu ne don kada yayarta ta shiga damuwa, ko don kada ta zo, wannan ba mai faɗa mata kuma. Ta nemi a kai ta kabarin. Matar ta ce maƙabartar hukuma ce a bayan gari, babba ce ƙwarai, lamba ake sawa ba suna ba, ita kanta ba za ta gane wurin ba yanzu. Lambar tana ofishin magajin gari. A da ko wa ya je za a duba masa. Yanzu mutumin waje sai ya kawo shaidar dangantaka daga ƙasarsa, a kai ofishin jakadanci a buga hatimi, a jira.

“Kamar wata nawa?”

“Wani ya ce uku, wani ya ce shida.”

Ba-Birki ya matso yana murza hularsa. Ya ji komai. “Yaya, uku saura. In muka wuce huɗu za su riƙe motar, mu kuma su hana mu shigowa shekara biyar.”

Ta tashi ta yi aikin da ya kawo ta. Ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya tana ƙara musu igiya, ana lodawa, hannunta yana yi ba tare da ita ba. Maganar da ta yi mako goma sha ɗaya tana shiryawa tana nan a bakinta, ba inda za ta sauke ta.

A rumfar fita, ta ɓangaren ƙetare, aka ce fasinja ya sauko. Wani jami'i ne a bayan gilashi, ya gaji, ba mugu ba ne, fom ne a gabansa mai layi-layi. Ya tambayi abin da ya kawo ta, ta faɗa. Ya tambayi ko ta sayi wani abu, ta ce a'a.

“Kina da dangi a ƙasar nan, Mama?”

“Ina da ƙanwa.”

“Adireshinta?”

Ta buɗe baki. Ba ta san unguwar da Auta ta zauna ba, ba ta san ɗakin ba, ba ta san lambar ba. Motocin baya suka fara matsa oda.

“Tana nan dai,” in ji ta. “A ƙasarku take. Shekara ashirin ke nan.”

“Mama, layin nan adireshi yake so. In ba adireshi sai dai in rubuta babu.”

Ta sa tafin hannu a jikin gilashin. “Ɗana, kada ka rubuta haka.”

Ya dube ta, ya dubi agogo, huɗu saura minti shida, ya dubi layin motocin da ya miƙe har bayan gada. Ya rubuta babu, ya buga hatimi, ya turo mata takardarta ta ƙarƙashin gilashi, ya kira na gaba.